Ruwan Randa da Tawadar Malam Tanko

Duk lokacin da matasa suka shigo maɗaba'armu da ke Kurmin Sarki a Suleja da kwamfutarsu a jaka, abin da ke fara ɗaukar idonsu shi ne randunan da ke jere a bakin ƙofar baya. Sai su bi siririn bututun da ya fito daga cikinsu da kallo har ya shige cikin injin buga takardu, sannan su tambaya. In na yi musu bayani, kusan amsa ɗaya suke ba ni: "Au, shi ke nan? Anti, ai wannan kowa ma zai iya." Ba na jin haushi. Na taɓa jin wannan maganar daga bakin wani babban lauya, cikin Turanci mai tsabta, a gaban alƙali, kuma saura kaɗan ta raba wani dattijo da abu ɗaya tilo da ya ƙirƙira a rayuwarsa. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta muku yadda aikin nan yake, ku ƙannena, tun abin yana sabo a raina.

Sunana Sa'adatu. Ban tashi da niyyar zama mai aikin tawada ba. Adabi na karanta a kwaleji, na dawo gida ina jiran aikin koyarwa, ina ta rubuta waƙoƙin da ba wanda ke karantawa sai ni. Wani maƙwabcinmu da kowa ke kira Edita, mai wata 'yar jaridar Hausa ta mako-mako, ya ce in riƙa taya shi duba kurakurai kafin a buga. A maɗaba'ar Malam Tanko ake buga jaridar duk ranar Alhamis. Da jan biro na shiga wurin, amma idona ya ƙi zama a kan takarda. Kullum yana kan rolar injin nan mai shafa tawada, baƙa mai sheƙi da ke juyawa tana wata 'yar ƙara, kamar ana yayyafi a kan ganyen ayaba. Wata rana Malam Tanko ya lura. Dogon mutum ne marar yawan magana, gemunsa ya yi fari, farcensa kuwa baƙi wuluk. Ya ce, "Malama, in kallo kika zo yi, matso kusa. Daga can nesa ƙarya za ki gani."

Aikin farko da ya ba ni shi ne wanke roloci. Tsumma ne da kananzir, ki bi kowace rola ki goge har launin robarta ya fito, domin in kika bar ɗigon tsohuwar tawada ya bushe, gobe zai fito a kowane shafi kamar tabon ƙyanda. Na yi watanni ba abin da nake yi sai wannan. Innata ta ce ita dai ba ta taɓa ganin lallen da ba ya fita ba sai nawa. Ta tanadar mini sabulun salo da toka a bayan ɗaki, ta kuma hana ni taɓa farin mayafinta.

Ga yadda injin yake, a taƙaice. Ana ɗaura masa wani faranti na ƙarfen alminiyam, siriri kamar takarda, wanda aka ɗauko hoton shafin a kansa. Ruwa yana jiƙa inda babu rubutu, tawada tana kama inda akwai rubutu, tunda ruwa da mai ba sa shiri. Daga farantin rubutun ya koma kan bargon roba, daga bargon ya sauka a takarda. Tawadar tana zaune a sama cikin wani dogon komi na ƙarfe, a jikinsa akwai sukurori a jere. Ki sassauta guda, tawada ta ƙaru a wannan sashen na shafi. Ki ɗaure, ta ragu. Duk sana'ar tana tsakanin ruwan nan da tawadar nan, kamar mai sulhu tsakanin maƙwabta biyu da ba sa ga maciji, amma dole su yi amfani da ƙofa ɗaya.

Shafin farko da aka bar mini ni kaɗai yana ɗauke da hoton mata masu sayar da doya a kasuwa. Na ga hoton na son tawada, na sake sukurori. Fuskokinsu suka fito kamar gawayi, haƙora kawai ake gani. Na ɗaure, sai rubutun da ke ƙarƙashin hoton ya koɗe. Malam Tanko yana tsaye a bayana, hannuwa a baya. Da na juyo ina neman agaji, sai ya ce, "Takardar da kika ɗauka kika duba, yaushe tawadarta ta baro komi?" Na yi tunani, sannan na gane cewa tawada tana bin roloci da yawa kafin ta iso takarda, don haka abin da na gyara yanzu ba zai nuna ba sai wasu shafuka sun wuce. Ni kuwa ina ta gyara a kan gyara, ban ba na farkon damar isowa ba.

Haka yake koyarwa, kuma ku riƙe wannan domin shi ne ya kai mu inda za ku ji. Malam Tanko ba ya faɗa wa mai koyo amsa. Tambaya yake jefa miki, ya koma gefe. Ya ce haka maigidansa ya koya masa a Zariya, kuma abin da aka zuba wa mutum a kunne yana zubewa, abin da ya tono da kansa ne yake zama.

Masu kawo aiki kuwa, kowa da irin tasa. Akwai ɗan takarar kansila da ya ce a rage masa tawada a fuska har ya fi matarsa haske. Akwai shugabar makaranta mai ƙirga katin sakamako a tsaye kamar za mu sace ɗaya. Wadda ba na mantawa wata dattijuwa ce daga Iku, ta kawo ɗan ƙaramin hoton mijinta da ya rasu, tana son a buga shi da addu'a a raba. Hoton ya dushe. Na ɓata yini ina lallaɓa sukuru biyu har layin murmushinsa ya fito. Ta ɗaga katin ta daɗe tana kallo, ta ce, "Shi ne, 'yata. Har da ɗan karkata hular." Washegari ta aiko mini da ƙullin gyaɗa.

Babban abokin gābarmu shi ne zafi. A bazara, da an yi azahar, rufin kwano ya ɗauki rana, sai tawada ta saki jiki ta zama kamar man gyaɗa. Ƙananan haruffa su cike, ƙugiyar haruffanmu na Hausa ta zama dunƙule, hotuna su yi dabbare-dabbare. Jarida kuwa ba ta jira, dole ta fita kafin masallacin Juma'a. Kowane mai maɗaba'a a Suleja yana da dabararsa. Wasu su kafa wa inji fanka, wasu su rufe shago har rana ta yi sanyi. Alhaji Sule, wanda suka koyi aiki tare da Malam Tanko a gida ɗaya, shi ne ya fi kowa ƙoƙari. Ya ji cewa manyan injinan gidajen jarida suna da na'urar da ke tura ruwan sanyi ta cikin rolar ƙarfe, sai ya huda tasa rolar ya riƙa tura mata ruwan ƙanƙara. Rolar ta yi sanyi, amma sai ta riƙa gumi, gumin ya shiga tawada, bugu ya fito fari-fari da zirin ruwa. Ya yi asarar takarda mai yawa, duk layin masu ɗab'i sun san labarin, har ana yi masa ba'a da Alhaji Mai Ƙanƙara.

Malam Tanko ya yi bazara biyu yana ƙulle-ƙulle a ɗakin ajiya tare da wani mai walda, ba ya gaya wa kowa abin da yake nema. Mukan ji bugun guduma, mu ga ya fito da jiƙaƙƙiyar riga yana girgiza kai. Wata Asabar da rana, babu aiki sosai, ya kira ni ya zaunar a kan benci.

"Malama, ina zafin yake tashi a injin nan?"

Na ce daga rufi. Ya ce in je in taɓa. Na bi roloci ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu, na tarar rolar ƙarfe mai kai-da-komo ta fi kowacce zafi, saboda gugar da take yi.

"To, Alhaji ya sanyaya ta. Me ya ci shi?"

"Gumi, Baba. Sanyin ya yi yawa."

Ya ɗauko kofin silba biyu. Ya zuba wa ɗaya ruwan leda mai sanyi daga kular ƙanƙarar mai shagon kusa da mu, ya ajiye. Nan da nan jikin kofin ya yi raɓa. Ya miƙo mini ɗayan fanko.

"Wane ruwa ne mai sanyi da ba ya sa kofi gumi?"

Na zauna ina juya kofin a hannuna. Sai na tuna tsakar gidan kakata, da randarta a gindin bishiyar lemo, da moɗar da muke sha da ita, wadda ban taɓa ganin raɓa a bayanta ba komai sanyin ruwan. Na ce, "Ruwan randa." Ya yi dariya har na ga giɓinsa, ya buɗe ɗakin ajiya. Ga randuna, ga bututun jan ƙarfe da ya ciro daga tsohon firji, ga ɗan famfon ruwa na mota da zai ɗaura wa bel ya riƙa juyawa tare da inji. Famfon zai tura ruwan randa ta cikin rolar, ruwan ya dawo randa ya sake hucewa.

Daga baya na fahimci zurfin abin. Randa tana sanyaya ruwa ne ta hanyar nason da iska ke busarwa a jikinta. In iska ta bushe kuma ta yi zafi, ta sanyaya sosai, lokacin da inji ya fi bukata. In damina ta sauka iska ta jiƙe, ta rage da kanta. Ko yaushe tana tsayawa kafin ta kai sanyin da zai sa ƙarfe gumi. Babu maɓalli, babu ma'auni, babu wutar lantarki. Na daɗe ina ganin kamar randa tana da irin kunyar nan ta mutanen kirki, ba ta wuce iyakarta.

Ba kowace randa ke yi ba. Mun tafi garin Garam, gidan wata maginiyar tukwane, Mama Laraba, wadda ta yi ta dariya da jin bukatarmu. "Malam, kowa yana zuwa yana ce mini randa mai naso ba ya so, kai kuma ka biya mota ka zo neman mai naso? Ko kifi za ka kiwata?" Ta gina mana masu siririn jiki, ba ta goge bayansu da dutse ba. Wannan bazarar, jaridar Edita ta fita ranar Alhamis da tsakar rana, kowane harafi a tsaye da idonsa a buɗe.

Edita ne ya matsa a yi wa abin rajista. Malam Tanko ya ƙi da farko, ya ce shi ba Bature ba ne. Amma da takardar mallakar ƙirƙira ta iso da hatiminta da sunansa, ya sa aka yi mata gilashi. Ya ce da ni, "Duk abin da na iya, wani ne ya koya mini. Ba ni da gida a Abuja, ba ni da mota. Wannan kaɗai ne abin da zan ce ni na kawo shi."

Alhaji Sule ya zo gaisuwa kamar yadda ya saba. Ya zagaya injin, ya tsuguna ya leƙa famfon, har ya ɗebi ruwan randar ya sha, ya ce, "Sannu, injiniyan tukwane." A tsakanin masu ɗab'i wannan ba laifi ba ne, muna aron rola da tawada a junanmu, kowa na shiga shagon kowa. Abin da ya zo bayan nan ne ya yi ciwo. Aka fara jin Alhaji yana haɗa wa mutane irin wannan na'urar randa a Madalla da cikin Abuja, yana cewa dabararsa ce tun zamanin ƙanƙara. Malam Tanko ya aika masa cewa ya ci gaba da haɗawa, amma ya daina cewa nasa ne. Alhaji ya ji an taɓa masa girma. Ya kai ƙara kotu a soke takardar.

A nan na koyi abin da ba a koya mini a kwaleji ba. Ashe ita takardar ana bayar da ita ne ba tare da an auna zurfin ƙirƙirar ba. Sai wani ya ja, sannan kotu ta auna. Kuma bai isa a ce abu sabo ne ba. Dole ya zama ba abin da duk wanda ya san sana'ar zai iya kaiwa gare shi cikin sauƙi ba ne. Lauyan Alhaji ya tsaya a kan wannan. Ya ce tura ruwan sanyi ta cikin rola sanannen abu ne a manyan injina, randa kuwa kowace tsohuwa tana da ita, don haka haɗa sanannen abu da sanannen abu ba ƙirƙira ba ne, abu ne da ke fili.

Aka kira ni shaida. Lauyan Alhaji ya yi mini magana da ladabi.

"Malama, a lokacin nan kin daɗe a sana'ar?"

"Ban cika shekara biyu ba."

"Malam Tanko ne ya ce miki a yi amfani da ruwan randa?"

"A'a. Ya tambaye ni ne, ni na faɗa."

"Ke kika faɗa. Ya ɗauke ki kwana nawa?"

"A zama ɗaya ne."

Ya juya wajen alƙali ya buɗe hannuwa. Ya ce ga shi nan, mai koyo da ba ta cika shekara biyu ba ta gano abin a zama ɗaya a kan benci, balle ƙwararre. Namu lauyan na wancan lokacin bai sake tambayata komai ba. Kotu ta soke takardar.

Muka hau motar dawowa har muka wuce dutsen Zuma. Sannan Malam Tanko ya ce, "Malama, me aka tambaye ki da kika faɗi ba daidai ba?" Na ce babu. Ya ce, "To ɗago kanki. Da kin ce ni na faɗa miki, da na ci shari'a na rasa ɗaliba." Da muka iso ya sauke gilashin daga bango da kansa, ya kifa shi a ɗakin ajiya.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Takarda ta yi tsada har Edita ya rage shafuka, daga baya ya tsayar da jaridar gaba ɗaya ya koma saka labarai a waya. Alhamis ta zama kamar kowace rana. Muka koma buga rasit na masu shaguna, takardar nannaɗe burodi, da katin biki. Wasu ranakun injin ba ya ko tashi, sai in wanke rolocin da ba su yi datti ba don kada su bushe su tsage. Idon Malam Tanko ya fara ba shi wahala, ya riƙa kawo takarda dab da hanci. Abin da ya fi damunsa ba rashin aiki ba ne. A wurin ɗaurin aure wani matashi ya gaishe shi ya ce, "Baba, na ji kai ma ka sa irin randar Alhaji Sule a injinka." Ya amsa gaisuwar, bai gyara masa ba. Ba da daɗewa ba ya bar mini makullin shago ya koma gonarsa a Iku, yana leƙowa jefi-jefi.

Wadda ta ɗaga maganar ita ce Barista Hadiza, 'yar yayan Edita, matashiya kamata, mai saurin magana da son gurasa. Ta karanta duk abin da aka rubuta a shari'ar farko, ta zo shago ta ce in tayar da inji tana son ta gani da idonta. Ta zauna cikin zafin nan har gyalenta ya jiƙe. Ta sa na cire bututun, muka ga haruffa sun cike. Ta sa na mayar, suka buɗe. Sannan ta ce, "Sa'a, an tambaye ki wa ya ba ki amsa. Ba wanda ya tsaya a kan wa ya ba ki tambayar. Kafin ranar nan, kin taɓa tsayawa kin ce wane ruwa ne ba ya sa kofi gumi?"

Na ce ko a mafarki.

"To mutumin da doka ke nufi, wanda ya san sana'a, ba shi da Baba Tanko a tsaye a kansa da kofi biyu. Shi kaɗai ne da injinsa da zafinsa. Abeg, don Allah ba ni ruwa in sha, kar in narke."

Ta bayyana mana cewa a kotun ɗaukaka ƙara ba a kiran sabbin shaidu, abin da ke rubuce kawai ake dubawa. Amma duk abin da take bukata yana ciki. Maganata tana ciki, inda na ce ya tambaye ni ne. Maganar Alhaji da bakinsa tana ciki, inda ya ba da labarin shekarun da ya yi yana fama da ƙanƙara don ya nuna shi ma ya san harkar. Ta gina hujjarta a kan haka: in abin a fili yake, me ya hana ƙwararre irin Alhaji, da randa a tsakar gidansa, ya gan shi duk tsawon shekarun nan? Ta ƙara da cewa manyan injina suna bukatar na'ura ta musamman don tsare sanyin kada ya wuce, ita kuwa randa tana tsare kanta rani da damina, kuma wannan ba abin da wani ya yi tsammani ba ne. Malam Tanko ya yi ta cewa a bar maganar. Barista ta ce, "Baba, kai ka yi haƙuri, ni ban yi ba." Ta karɓi aikin a kan cewa za mu buga mata katin ofis duk lokacin da take so.

An daɗe. An ɗage zama, an sake ɗagewa, damina ta zo ta wuce. Aiki ya ɗan farfaɗo da zuwan masu makarantu da littattafan gwaji. Ranar hukunci ina kan buga kalandar wata ƙungiyar masu sayar da hatsi, hannuna duk tawada, wayata ta yi ƙara. Barista ce, tana magana tana haki. Alƙalan sun amince da ita. Sun ce, a taƙaice, sauƙin da ake gani bayan an nuna wa mutum hanya ba shi ne ma'auni ba, kuma kotun farko ta kalli abin ne daga ƙarshensa zuwa farkonsa. An mayar wa Malam Tanko takardarsa. Daga ranar, ba wanda zai haɗa abin sai da izininsa.

Na rufe shago na hau babur zuwa Iku. Na same shi a inuwar mangwaro yana gyara saiwar doya. Na faɗa masa. Ya ajiye wuƙa, ya ce alhamdu lillahi, ya sa na maimaita masa abin da alƙalan suka ce a hankali. Sannan ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da gyaran doya.

Bayan 'yan kwanaki ya aiko a kira ni, wai Alhaji Sule ya ce zai zo, yana son in kasance a wurin. Alhaji ya iso da yamma cikin farar shadda, ya bar motarsa a bakin hanya ya ratso kunya-kunyar doya yana ɗage riga. Suka gaisa doguwar gaisuwa, suka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, kamar ba su taɓa haɗuwa a kotu ba. Aka shimfiɗa tabarma. Alhaji ya yi gyaran murya.

"To, Tanko, ga ni. Ina da mutane da na karɓi aikinsu ban gama ba. Lauyana ya ce sai abin da ka ce. Nawa za ka yanka mini?"

"Ni na ce maka kuɗi nake nema?"

"To me kake nema, mutumin nan? Ka sa na taka gona da takalmin Juma'a."

"Ka faɗa da bakinka wa ya ƙirƙiro abin, a gaban yarinyar nan. Ita aka sa a gaba ranar nan a kotu."

Alhaji ya kalle ni, ya kalli mangwaro, ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Na sunkuyar da kai don in rage masa nauyi. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa.

"Tun muna yara a Zariya nake shan ruwan randa. Na dawo ina sayen ƙanƙara ina zuba wa inji, randa tana ƙofar ɗakina. Ban gani ba. Kai ka gani, Tanko. Naka ne. Kuma duk inda na ce nawa ne, zan koma in gyara."

Malam Tanko ya kau da kai. Ya sa gefen rawaninsa ya goge ido, ya ce hayaƙin masu ƙona ciyawa ne, alhali ba wanda ke ƙona komai a kusa. Sannan ya ce, "Shi ke nan. Je ka ci gaba da haɗawa, kai da duk mai so. Ba na karɓar ko sisi." Ya ɗan dakata. "Amma famfon da kake sa wa mutane ya yi girma. Ruwa yana gudu, ba ya samun zama a randa ya huce."

"Wa ya ce ya yi girma? Naka ne ya yi ƙanƙanta, kamar na wankin ido!"

"Ka taɓa sa hannu ka ji ruwan da ke dawowa?"

"Kai dai ba ka iya magana ba sai da tambaya!"

Malam Tanko ya jawo tsinke ya fara zana bututu a ƙasa, Alhaji ya tattare shaddarsa ya durƙusa kusa da shi yana goge layin da tafin hannu yana zana nasa. Ni da aka kira shaida, suka manta da ni gaba ɗaya. Na zauna ina kallonsu ina yi wa Allah godiya da ya kawo ni cikin wannan sana'a, hannun wannan dattijo, har aka kira magariba suna nan a durƙushe, ba wanda ya yarda.